Hazon Hunturu da Hayaƙin Gari: Yadda Ake Auna Iskar da Abuja ke Shaƙa

ABUJA — Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin watan Maris na kowace shekara, akwai ranakun da mazauna Babban Birnin Tarayya kan wayi gari su tarar Dutsen Aso ya ɓace musu da gani, rana ta dushe kamar farin faifai, jirage kuma suna jiran izinin tashi a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe. Jama'a sun saba da wannan yanayi har ba su ɗaukarsa a bakin komai; a ganinsu hunturu ne, ya zo kuma zai wuce. Amma ga kamfanonin jiragen sama, da masu zuba jari a harkar lantarki mai aiki da hasken rana, da hukumomin da ke tsara kasafin kiwon lafiya, wannan hazo dukiya ce da ke zurarewa. Abin da suke neman sani shi ne yawansa, da inda yake fitowa, da kuma kason da kuɗin gwamnati zai iya magancewa daga cikinsa.

Abin da masana suka fi sa wa ido a cikin hazon shi ne ƙananan ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ake kira PM2.5, wato waɗanda faɗinsu bai wuce maikromita 2.5 ba. Silin gashin kan mutum ya ninka irin wannan ƙwaya kusan sau 30 a kauri. Saboda ƙanƙantarsu, hanci da maƙogwaro ba su iya tare su, sai su zarce can cikin huhu, inda ake danganta su da ciwon haƙarƙari a wajen yara, da asma, da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a wajen manya. Ana auna su ne da maikrogiram a cikin kowace kubik mita ta iska, wato sarari mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara tsaurara mizaninta, ta rage matsakaicin shekara daga maikrogiram 10 zuwa 5, na yini guda kuma daga 25 zuwa 15.

An taɓa yi wa wannan matsala ƙiyasi da kuɗi a Najeriya, sai dai a Legas aka yi. Wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar a shekarar 2020 ya nuna cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutane kimanin 11,200 a birnin a shekarar 2018, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tare da hasarar da ta kai Dalar Amurka biliyan 2.1, kwatankwacin kashi 2.1 cikin 100 na arzikin da jihar ke samarwa. An gina wannan lissafi ne a kan matsakaicin maikrogiram 68. Daga baya, da aka kafa na'urori a wurare shida aka yi awo na tsawon shekara guda tsakanin 2020 da 2021, sai aka sami maikrogiram 47. Duka alƙaluman biyu sun ninka mizanin duniya ninkin-ba-ninkin, amma tazarar da ke tsakaninsu darasi ce ga duk mai tsara kasafi: ƙiyasin rayuka da na kuɗi yana tafiya ne a kan adadin da na'ura ta bayar, idan adadin ya motsa, lissafin gaba ɗaya ya motsa.

Al'amarin Abuja ya fi na Legas sarƙaƙiya ta wata fuska, domin gurɓata iri biyu ce ke haɗuwa a samanta a lokaci guda. Ta farko baƙuwa ce. Mafi yawan ƙurar hunturu tana tasowa ne daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, fiye da kilomita 1,400 daga Abuja. Wannan kwari tsohon ƙasan wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi, cikin kwana ɗaya ko biyu ya rufe Maiduguri da Kano, sannan ya gangaro kudu.

Ta biyun kuwa 'yar gida ce. Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991 da fadar gwamnati ta taso daga Legas, birnin da garuruwan da ke kewaye da shi suke cika suna batsewa. Dubban motoci ne ke cunkushewa safe da yamma a hanyar Nyanya zuwa Mararaba, da ta Kubwa, da ta filin jirgin sama ta Lugbe. Ga injinan janareta a ofisoshi da kasuwanni, ga wuraren fasa dutse a Mpape, ga hayaƙin bola, ga itace da gawayin girki a unguwannin bayan gari, ga kuma ƙunar daji da ake yi da zarar an gama girbi. Duk waɗannan suna ƙaruwa ne, ko suna daɗewa a iska, a daidai watannin da ƙurar hamada ke zuwa, saboda babu ruwan saman da zai wanke su.

Rarrabe waɗannan biyu shi ne ginshiƙin maganar ta fuskar tattalin arziki. Babu wata doka da Hukumar Tabbatar da Bin Dokokin Muhalli ta Ƙasa, wato NESREA, za ta kafa wadda za ta hana iska kaɗawa a Chadi. Abin da kuɗi zai iya saye game da ƙurar hamada shi ne gargaɗi a kan kari, da na'urorin saukar jirage, da shirin asibitoci. Hayaƙin gari kuwa ana iya rage shi ta hanyar ingancin mai, da sufurin jama'a, da gas na girki, da wutar lantarki mai ɗorewa. Gwamnatin da ba ta san kason kowane ɗaya ba tana iya zuba Naira a inda ba za ta tsinana komai ba.

Mafi daɗewar awo da ake da shi a ƙasar nan shi ne na ido. Shekaru aru-aru ma'aikatan duba yanayi a filayen jiragen sama suke rubuta nisan da ake iya hange, kuma tun kafin zamanin taurarin ɗan Adam masu hasashe a Kano sukan dogara da rahoton da ke zuwa daga Faya-Largeau a Chadi da Bilma a Nijar don sanin cewa hazo yana tafe. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da doka a shekarar 2003 kuma take da hedikwata a filin jirgin saman Abuja, ita ta gaji wannan aiki, tana kuma fitar da sanarwar hazo tare da nisan hangen da ake tsammani. Wannan ya wadatar da matuƙin jirgi. Bai wadatar da likita ba, domin nisan hange ba ya faɗin nauyin abin da ya shiga huhu.

Don sanin wannan nauyi sai an yi amfani da na'urar awo ta ƙasa, wadda ke zuƙar iska ta tace ta a kan wani ƙyalle na musamman, sannan ta auna abin da ya maƙale sa'a bayan sa'a. Ita ce ake ɗauka a matsayin alƙali. Sai dai tana cin dubban Daloli masu yawa, tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da kayan gyara daga waje, da ma'aikacin da zai riƙa daidaita ta. Bugu da ƙari, labarin inda take tsaye kaɗai take bayarwa. Na'urar da ke Maitama ba za ta faɗi abin da mai sayar da kaya a bakin titin Nyanya yake shaƙa ba.

A nan ne taurarin ɗan Adam suka shigo. A watan Disamba na 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba tauraron Terra, sannan ta bi shi da Aqua a watan Mayu na 2002, kowannensu ɗauke da na'urar MODIS. An tsara Terra ya riƙa ratsa kowane yanki da misalin ƙarfe 10:30 na safe, Aqua kuma da misalin 1:30 na rana. Yanzu dukansu sun tsufa, na'urar VIIRS da aka fara harbawa a 2011 ce ke gadar aikinsu. Daga ɓangaren Turai, taurarin Meteosat suna tsaye cak a saman Afirka, suna aiko da hoto kowane minti 15 ko ƙasa da haka, inda masu hasashe ke ganin ƙura tana tashi daga Bodele ko da dare ne. A watan Oktoba na 2017 kuma aka harba Sentinel-5P, wanda ke gano iskar gas da injina ke fitarwa a saman birane. Abin lura ga mai lissafin kuɗi shi ne, akasarin waɗannan bayanai kyauta ake bayar da su.

Najeriya ma tana da nata tarihi a wannan fage. Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999 kuma take da mazauni a Lugbe, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. Amma an ƙera waɗannan ne don ɗaukar hoton ƙasa, wato gonaki, dazuzzuka da ambaliya, ba don auna abin da ke cikin iska ba.

Tauraron ɗan Adam ba ya auna PM2.5 kai tsaye, kuma wannan shi ne abin da ya kamata mai karanta taswirori masu launi ya riƙe. Abin da yake gani shi ne yadda hasken rana ya rage ƙarfi ko ya warwatsu a kan hanyarsa, daga nan a fitar da wani adadi da za a iya kira kaurin hazo. Adadin ya haɗa duk abin da ke cikin iska tun daga doron ƙasa har ƙololuwar sama. Misalinsa kamar mutum ne da ya leƙa rijiya daga baki ya ga ruwan ya gurɓace. Ya san akwai laka, amma ba zai iya cewa tana sama ba ne ko tana can ƙasa. Ƙurar hamada takan yi tafiya a sama, nisan kilomita ɗaya zuwa uku ko fiye, musamman idan ta doshi kudu ta hau kan iska mai laima da ke tasowa daga teku. A irin wannan rana tauraro zai nuna hazo mai kauri alhali mutanen ƙasa suna da ɗan sauƙi.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi haɗari. Da daddare zuwa asuba a lokacin sanyi, iskar da ke kusa da ƙasa takan yi sanyi ta kwanta, ta ƙi haɗuwa da ta sama, sai hayaƙin girki da na bola da na motoci ya taru a ɗan siririn sarari daidai inda mutane ke numfashi. Kafin tauraron ya iso da hantsi, rana ta ɗumama ƙasa, hayaƙin ya baje sama. Ma'aikacin da ya fito daga Mararaba da ƙarfe shida na safe ya riga ya shaƙi rabonsa, tauraro bai shaida ba. Ga kuma gizagizai da ke rufe masa ido a yawancin damina, ga farar ƙasar hamada da ta Sahel da ke haskawa har ta rikita lissafin, abin da ya sa sai da masana suka ƙirƙiro wata dabara ta daban don irin waɗannan wurare.

Abin da ke haɗa awon sama da na ƙasa shi ne lissafin kwamfuta mai kwaikwayon yanayi. Ana raba sararin samaniya gida-gida kamar ramukan dara, hawa bisa hawa, a ba kwamfuta bayanin ƙarfin iska da inda ta dosa, da zafi, da laima, da ƙiyasin abin da kowace majiya ke fitarwa, ita kuma ta lissafa yadda ƙura da hayaƙi za su tashi, su yi tafiya, su sauka. Daga nan ake samun amsar tambayar da tauraro ya kasa amsawa, wato wane kaso na hazon ne yake ƙasa. Masana irin su Randall Martin da Aaron van Donkelaar, waɗanda suka fara wannan aiki a Jami'ar Dalhousie ta Kanada, sun yi amfani da wannan hanya suka fitar da taswirar PM2.5 ta duniya a shekarar 2010, daga baya kuma suka riƙa gyara ta da alƙaluman na'urorin ƙasa. Irin wannan taswira ce ake dogara da ita wajen ƙiyasin mace-macen da gurɓatar iska ke jawowa a ƙasashen da ba su da isassun na'urori. Ta fannin hasashe kuma, akwai cibiyar da ke Basalona a Sifaniya, ƙarƙashin Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, wadda ke fitar da hasashen ƙura na kwanaki ga arewacin Afirka.

To amma lissafin kwamfuta ba ya wuce abin da aka ciyar da shi. Idan ba a san yawan janaretocin da ke aiki a Wuse da Garki ba, ko tan nawa na shara ake ƙonawa, dole a cike gurbin da ƙiyasi. Kuma gyaran ƙarshe da ake yi da na'urorin ƙasa ya fi inganci ne a Turai, da Amurka, da Sin, da Indiya, inda na'urorin suke da yawa. A Najeriya, tashar da ta fi daɗewa tana tantance abin da tauraro ke gani ita ce ta Jami'ar Ilorin, wadda ke cikin tsarin AERONET na NASA tun 1998. Wata na'ura ce da ke kallon rana daga ƙasa tana auna kaurin hazo. Akwai irinta a Banizumbu, gabas da Yamai. Ilorin tana da nisan fiye da kilomita 300 daga Abuja, Banizumbu kuwa ta fi haka nesa. Da waɗannan 'yan tsirarun shaidu ake yi wa yanki mai ɗaruruwan miliyoyin mutane hukunci.

Duk da wannan rauni, abin da aka gano da taimakon taurarin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2018 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Stanford ta Amurka suka haɗa taswirar tauraro da bayanan haihuwa na ƙasashen Afirka kudu da Sahara, suka gano cewa ƙarin maikrogiram 10 yana tafiya da ƙarin kashi 9 cikin 100 na mutuwar jarirai. A 2020 suka sake duba batun ta hanyar bin sawun ƙurar Bodele kanta, inda adadin ya kai kashi 24 cikin 100. Har ma sun kawo shawarar a gwada jiƙa ƙasar kwarin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ta amfani da famfuna masu aiki da hasken rana, suka ƙiyasta cewa kowace shekarar rayuwa da aka ceto za ta ci Dala 24. Shawarar a kan takarda take, kuma duk wanda ya san nisan wurin da wahalarsa zai yi mata kallon tsanaki, amma ta nuna cewa ƙurar da ake ɗauka ƙaddara ce kawai ana iya yi mata lissafin riba da hasara. Haka nan an daɗe da lura cewa sanƙarau yana bin busasshiyar iska mai ƙura. A annobar 1996 mutane fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Cibiyar ACMAD da ke Yamai tana sa bayanan ƙura cikin gargaɗin da take yi game da cutar.

A fagen kasuwanci, jiragen sama ne suka fi saurin jin jiki. A watan Fabrairu na 2020, hazo tare da matsalar na'urorin sauka suka sa aka karkatar da jirage da dama na ƙasashen waje daga Legas zuwa Akara, fasinjoji suka kwana a can. Hasarar masu wutar hasken rana kuwa a ɓoye take tafiya. Hazo yana rage hasken da ke isowa, ƙura kuma tana kwanciya a kan faifan. Kamfanin da ke neman rancen banki don kafa tasha yana gabatar da ƙiyasin wutar da zai samar na shekaru 20 ko fiye, kuma akasari daga bayanan tauraro da lissafin kwamfuta ake samo ƙiyasin. Idan an raina kaurin hazo, an zuzuta kuɗin shiga ke nan. Idan kuma mai ba da rance bai amince da alƙaluman ba, sai ya ƙara kuɗin ruwa.

Akwai ma inda awon tauraro ya riga ya shiga maganar kuɗin gwamnati kai tsaye. Hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai tana amfani da bayanan VIIRS wajen ƙiyasta gas ɗin da kamfanoni ke ƙonawa a yankin Neja Delta, inda dokar 2018 ta ɗora wa manyan kamfanoni tarar Dala 2 a kan kowace kubik ƙafa 1,000.

Wani bincike da masana tattalin arziki biyu, Akshaya Jha da Andrea La Nauze, suka wallafa a 2022 ya nuna cewa bayyana alƙaluma kansa yana da tasiri. Sun duba biranen da ofisoshin jakadancin Amurka suka kafa na'urori suna sanar da jama'a sakamako, al'adar da aka faro a birnin Beijin a 2008, suka sami raguwar maikrogiram 2 zuwa 4 idan aka kwatanta da biranen da ba su da su. Ofishin jakadancin da ke Abuja yana cikin waɗanda aka kafa wa irin wannan na'ura. Sai dai a watan Maris na 2025 Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta sanar da dakatar da aika waɗannan bayanai, bisa dalilin ƙarancin kuɗi. Wannan shi ne aibin dogara da ma'aunin maƙwabci.

Ana sa rai ƙananan na'urori masu arha, waɗanda ba su wuce 'yan ɗaruruwan Daloli ba, za su cike wani ɓangare na giɓin. Cibiyar Binciken Sararin Iska ta NASRDA da ke Anyigba a Jihar Kogi ta rarraba irinsu a garuruwa da dama. Suna ƙirga ƙwayoyi ne ta hanyar hasken leza, suna aika sakamako ta intanet, kuma sun iya gano hayaƙi ƙwarai. Amma gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa suna raina ƙurar hamada sosai, saboda ƙwayoyinta sun fi na hayaƙi girma, laima kuma tana sa su zuzuta adadi. Ma'ana, a birni irin Abuja suna iya yin kuskure ta fuska ɗaya a watan Janairu, su yi ta wata fuskar a watan Agusta. Maganin da masana suka amince da shi shi ne a ajiye su kusa da babbar na'ura na tsawon rani da damina, a fitar da lissafin gyara da ya dace da iskar wurin, kafin a rarraba su unguwanni.

Saboda haka, buƙatar Abuja ba ta kai ta sayen sabon tauraro ba. Abin da ya rage shi ne 'yan manyan na'urori a wurare mabambanta, kamar tsakiyar birni, da bakin babbar hanya, da wata unguwar bayan gari, da wani fili nesa da gari wanda zai nuna ƙurar hamada zalla; sai ɗakin gwaji da zai bincika abin da ya maƙale a ƙyallen tacewa don a bambance ƙasa da toka; sai kuma yarjejeniya tsakanin NiMet, NASRDA, NESREA da Hukumar Kare Muhalli ta Abuja kan wanda zai riƙe alƙaluman ya kuma bayyana su. Inda irin waɗannan ayyuka suka saba tuntuɓe shi ne tsarin kasafi: kuɗin sayen na'ura yana shiga ƙarƙashin manyan ayyuka, inda ake yanka ƙyalle a ɗauki hoto, amma kuɗin ƙyallen tacewa, da batura, da man janareta, da albashin injiniya yana ƙarƙashin ayyukan yau da kullum, wanda shi ake fara zaftarewa idan kuɗin shiga ya ragu. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da dama ita ce, sai na'ura ta yi aiki aƙalla kashi 75 cikin 100 na kwanakin shekara kafin a karɓi matsakaicin da ta bayar.